Sharhi Kan Zaɓen Abin Rufe Kai da Wuya ga Matafiyi da Mai Kwana a Fili

Sharhin na yau ya duba wani abu da mutane da yawa ba sa ba shi muhimmanci sai rana ta dafa su ko ƙura ta shaƙe su, wato abin da matafiyi da mai aiki a fili ke rufe kai da wuya da shi. Manomi a gona, da makiyayi a bayan garke, da ɗan acaɓa a kan titi, da direban da ke kwana a tasha, da matashin da ya shiga sansanin masu yi wa ƙasa hidima na mako uku, da alhajin da ke kwana a tantunan Mina, duk suna fuskantar rana da iska da sanyin dare ba tare da katangar gida ba, kuma kai da wuya su ne sassan jikin da suka fi zama a buɗe. Abin da sharhin ke son tabbatarwa shi ne, rawani da hirami da malafa da mayafi kayan aiki ne kamar fartanya ko salka, don haka ya kamata a zaɓe su bisa aikin da za su yi, bayan an duba irin zarensu da saƙarsu da girmansu, kafin a kai ga maganar kyau ko tsada.

Matsala ta farko da ake neman kariya daga gare ta ita ce rana. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram, kuma cutarwar rana iri biyu ce: akwai zafin da ke ɗaga ɗumin jiki har ya kai ga jiri da suma, akwai kuma wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira altarabayolet, mai ƙona fata da lalata ido sannu a hankali har ya taimaka wajen haifar da yanar ido. Baƙar fata tana da kariyar da Allah ya hore mata, amma kariyar ba cikakkiya ba ce, kuma zabiya, wato wanda aka haifa ba tare da sinadarin da ke ba fata launi ba, yana cikin hatsarin sankarar fata matuƙar yana yawo kai da ƙeya a buɗe. Hasken ya fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma, lokacin da mafi yawan ayyukan fili ke gudana.

Matsala ta biyu ita ce ƙura, wadda ke zuwa da hunturu daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe sararin ƙasar Hausa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi farar ƙasar tsohon tafkin da ya ƙafe, ta watsa ta kudu da yamma har wata ta ƙetare tekun Atlantika. Wannan busasshiyar iska ce ke tsage leɓe, ta busar da cikin hanci har a yi haɓo, ta tayar da tari da mura, ta kuma tsananta wa masu asma. Matsala ta uku ita ce sanyin dare, domin a fili, musamman inda babu gajimare da itatuwa, ƙasa kan saki zafinta da zarar rana ta faɗi, har ta kai a hamadar Tenere sanyi na kusantar daskarar da ruwa kafin asuba, kuma a Jos da tsaunin Mambila matafiyin da ya fito daga zafin Kano kan sha mamaki. An daɗe ana cewa rabin ɗumin jiki ta kai yake fita, amma likitoci sun nuna cewa abin da ke fita ta kan babban mutum bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba, daidai da faɗin fatarsa. Dalilin da ya sa rufe kai ke da tasiri shi ne, sau da yawa kai da wuya kaɗai ne a waje bayan an lulluɓe sauran jiki, kuma fuska da kunne sun fi saurin jin sanyi.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga waɗannan matsaloli, kuma amsar da suka daɗe da samowa ita ce rawani. Abzinawan da ke tafiyar ayarin gishiri daga duwatsun Abzin zuwa Fachi da Bilma, su ratsa ɗaruruwan kilomitoci na yashi don ɗauko kantu da dabino su gangara da su kasuwannin ƙasar Hausa, suna naɗa yadi mai tsawon mita 4 ko 5, wani ma ya fi haka, ta yadda ido kaɗai ke fita. Hikimar naɗin tana cikin ninkinsa, domin kowane zagaye yana riƙe iska a tsakaninsa da na ƙarƙashinsa, kuma iskar da aka tsare a cikin yadi ba ta barin zafi ya ratsa da sauri, ko daga waje zuwa ciki da rana, ko daga ciki zuwa waje da dare. Amawali, wato ɓangaren da ake ja a rufe baki da hanci, yana tare yashi, sannan yana riƙe damshin numfashi, ta yadda iskar da ake shaƙa ba ta shiga maƙogwaro a bushe ƙayau. Garin Kura da ke kudu da Kano ya shahara da rinin baba da bugun yadi mai ƙyalli, kuma ɗan Kura ya daɗe yana cikin rawunan da mutanen hamada ke daraja. Sai dai naɗin tafiya daban yake da naɗin sarauta, wanda ke da ƙa'idojinsa a fada, kamar rawani mai kunnuwa biyu da aka keɓe wa sarki da jinin sarauta.

Abin da ya ɗaga darajar doguwar ƙyallen auduga a wurin mai kwana a fili shi ne yawan ayyukan da take yi bayan rufe kai. Ana shimfiɗa ta a yi salla, ana naɗe ta a yi matashi, ana ɗaura ta a kan sanduna ta ba da inuwa, ana ɗaure rauni da ita ko a rataye karyayyen hannu kafin a kai asibiti, ana yin gammo da ita, kuma ana tace ruwa da ita. Wannan na ƙarshe yana da hujja ta kimiyya: binciken da Rita Colwell da abokan aikinta suka yi a ƙauyukan Bangladesh, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna cewa tace ruwan kogi da tsohon mayafin auduga da aka ninka sau huɗu ko fiye ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi, saboda ƙwayar cutar kan manne wa ƙananan halittun ruwa waɗanda ninkin yadin ke tarewa. Irin wannan tacewa ce ma ta taimaka wajen yaƙi da kurkunu a ƙauyukan Afirka. Amma tacewa da yadi rage hatsari take yi kawai, kuma tafasa ruwa ko sa masa maganin tsabtacewa ya fi tabbas a duk inda hakan zai yiwu.

Rawani yana da rauni guda, wato ba ya yi wa ido da fuska inuwa, kuma a nan ne malafa ke shigowa. Malafar kaba, wadda makiyaya da manoma ke ɗorawa a kan hula ko a kan rawani, tana da faɗin baki da ke inuwantar da fuska da kunne da ƙeya gaba ɗaya, saƙarta tana barin iska ta ratsa, tsinin samanta yana barin fili tsakanin kai da rufin, kuma igiyar haɓa tana hana iska ɗauke ta. Hukumomin yaƙi da sankarar fata a Ostireliya, ƙasar da wannan cuta ta fi addaba, suna ba da shawarar hula mai baki na aƙalla santimita 7.5, ma'aunin da malafar gargajiya ta zarce nesa ba kusa ba. Hular hana-salla da matasa suka fi so tana kare goshi da ido ne kawai, ta bar kunne da ƙeya a rana, don haka mai amfani da ita a gona ko a filin fareti yana bukatar ƙyalle a ƙarƙashinta wanda zai sauko ya rufe bayan wuya.

Akwai kuma kayan da suka shigo daga waje, waɗanda kowanne ke da amfaninsa. Hirami, wanda alhazai suka saba dawowa da shi daga Saudiyya, yadi ne mai kusurwa huɗu da ya ɗan zarce mita ɗaya a kowane gefe, ana ninka shi gida biyu ya zama mai kusurwa uku a ɗaura a kai, kuma ya fi rawani saurin ɗaurawa da sauƙin wanki, ko da yake bai kai shi kauri da yawan aiki ba. Ƙyallen wuya na 'yan Sikawut, ƙungiyar da Robert Baden-Powell ya assasa a Ingila a 1907, an yi shi ne mai kusurwa uku, ta yadda yake kare ƙeya kuma yake zama bandeji idan bukata ta taso. Na baya-bayan nan shi ne yadi mai siffar hannun riga, marar ɗinki, mai miƙewa, wanda ake zurawa ta kai, kuma wani ɗan Sifaniya mai hawan babur, Joan Rojas, ya fara ƙera shi a garin Igualada a 1992 da sunan Buff. Ana iya barin sa a wuya, ko a ja shi ya rufe hanci, ko a murɗe shi ya zama hula, ba shi da jelar da za ta yi lilo, kuma yana shiga ƙarƙashin hular kwano ba tare da takura ba, abin da ya sa ya dace da 'yan acaɓa da masu gudu. Kasawarsa ita ce ƙanƙanta da matse fata, domin ba ya yin inuwa, ba ya zama shimfiɗa, kuma na jabu da suka cika kasuwa sukan riƙe zafi su haifar da ƙuraje.

Bayan siffa, abu mafi muhimmanci shi ne zaren da aka saƙa yadin da shi. Auduga tana shan gumi tana riƙe shi, ta bushe a hankali, kuma wannan hali alheri ne a zafin bazara mai bushewa, domin ruwan da ke tashi daga jiƙaƙƙen yadi yana tafiya da zafin jiki, shi ya sa ƙyallen da aka jiƙa aka ɗora a wuya, inda manyan jijiyoyin jini ke kusa da fata, yake kawo sauƙi nan take. Amma wannan halin ne kuma ke cutarwa da dare ko a kan dutse mai sanyi, inda jiƙaƙƙiyar auduga ke zuƙe ɗumin jiki, kuma da damina, lokacin da iska ke cike da laima, jiƙawar ba ta sanyaya jiki sosai. Ulu, wato zaren gashin tumaki, yana iya shan damshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, yana riƙe ɗumi ko da ya yi laima, ba ya saurin wari, kuma ba ya saurin kama wuta, don haka hular sanyi ko ƙyallen wuya na ulu shi ne abokin kwanan fili da hunturu. Yadin roba, irin su foliyesta da nailan, ba shi da nauyi kuma yana bushewa da sauri, amma yana riƙe warin gumi, kuma idan tartsatsin wuta ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata, hatsarin da ya kamata duk mai jin ɗumi ko girki a bakin murhu ya sani.

Saƙa da launi su ne mataki na gaba. Masana'antu suna auna kariyar yadi daga hasken rana da wani ma'auni da ake rubutawa UPF, inda lamba 50 ke nufin kashi 2 cikin 100 kawai na hasken mai cutarwa ke ratsa yadin, alhali farar singiletin auduga mai laushi kan tsaya a ƙasa da lamba 10, kuma kariyarta na ƙara raguwa idan ta jiƙe ko ta miƙe. Mai saye a kasuwar Kantin Kwari ko ta Kurmi ba ya bukatar na'ura don ya gwada, ya isa ya ɗaga yadin ya kalli haske ta cikinsa: idan yana ganin siffar abubuwa sarai, to hasken rana ma zai ratsa, sai dai a ninka shi. Ya kuma ɗora yadin ninki biyu a kan hanci ya yi numfashi, domin yadin da ba ya barin numfashi ya wuce ba zai daɗe a fuska ba. Game da launi, fari yana mayar da zafin rana, mai duhu kuma ya fi tare hasken da ke ƙona fata, kuma wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 1980 kan Larabawan hamadar Sinai ya gano cewa zafin da ke isa jikin mai baƙar riga bai fi na mai farar riga ba, matuƙar rigar tana da yalwa kuma iska na zagayawa a ƙarƙashinta. Darasin shi ne sassaucin naɗi da kaurin ninki sun fi launi tasiri, ko da yake ƙyalle mai ninki ɗaya da ke manne da fata ya fi kyau ya zama mai haske.

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, kayan da suka wadaci mafi yawan matafiya ba su da yawa kuma ba su da tsada: yadin auduga marar nauyi mai tsawon mita 3 zuwa 4, da malafa ko wata hula mai faɗin baki, da hular sanyi ta ulu wadda ake ajiyewa a bushe don dare kaɗai. Mai doguwar tafiya ya fi kyau ya riƙe ƙyalle biyu, ɗaya na rana wanda zai sha gumi da ƙura, ɗaya mai tsabta na barci da ɗaure rauni da tace ruwa. Mata ma suna da irin wannan zaɓi a cikin kayan da suka saba da su, domin kallabin auduga da mayafi mai yalwa, ko lafaya irin ta matan Barno da Chadi da Sudan, suna yin aikin da rawani ke yi, alhali hijabin roba mai santsi, duk da sauƙin wankinsa, yana tara zafi a wuya da fatar kai idan aka wuni da shi a gona ko a kasuwa. Babu abin da ya hana mace mai aikin rana ta ɗora malafa a kan mayafinta.

Akwai haɗurra da ba a cika faɗa ba. Jelar rawani ko bakin hijabi da ke lilo a kan babur, ko kusa da injin niƙa da injin ban ruwa, na iya shiga taya ko bel ya fizgi wuya cikin ƙiftawar ido, kuma irin wannan ne ya kashe shahararriyar mai rawa 'yar Amurka, Isadora Duncan, a birnin Nice na Faransa a 1927, lokacin da dogon gyalenta ya naɗe a tayar motar da take ciki. Wajibi ne a tattare duk wani saura a cusa shi cikin riga ko a riƙe shi a cinya kafin abin hawa ya tashi. Rawani, komai kaurinsa, ba ya maye gurbin hular kwano. Ƙananan yara kuma ba a ɗaura musu ƙyalle a wuya, kuma jariri ba a rufe masa fuska da yadi mai kauri da sunan kare shi daga ƙura, domin numfashinsa ba shi da ƙarfin ture yadin.

Haka nan ya kamata a san iyakar abin da yadi zai iya yi. Amawali yana tare yashi da manyan ƙwayoyin ƙura, amma ƙura mafi laushi, wadda ke shiga can cikin huhu, tana ratsa shi, don haka mai fasa dutse da mai haƙar ma'adinai da mai asma a ranar hazo mai kauri suna bukatar takunkumi na musamman irin N95, wanda ke tace kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi idan ya zauna daidai a fuska. Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi a lokacin ƙura da zafi, kuma annobar 1996 ta kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000. Rufe hanci yana rage bushewar maƙogwaro, amma allurar rigakafi ce kariyar da aka tabbatar. Batun zafi ma haka yake: a aikin Hajjin 2024 mutane sama da 1,300 suka rasu yayin da zafi ya wuce digiri 50 a Makka, kuma tun da namiji mai harami ba ya rufe kansa, lema da yawan shan ruwa da neman inuwa su ne madogararsa. Duk wanda aka ga ya ruɗe, maganarsa ta sauya, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, to a kwance masa naɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a garzaya da shi asibiti.

Tsabta da ladabin amfani su ne cikon zaɓi nagari. Ƙyallen da ya wuni a kan baki da hanci ya tara gumi da majina da ƙura, don haka yana bukatar wanki da sabulu da shanya a rana akai-akai, kuma aron hula ko rawani a sansani hanya ce ta yaɗa makero da ƙwarƙwata, musamman a tsakanin yara. A wannan zamani na matsalar tsaro kuma, matafiyi mai hankali yakan sauke amawali idan ya tunkari shingen jami'an tsaro ko ya shiga garin da ba a san shi ba, domin rufaffiyar fuska na iya jawo zargin da babu dalilinsa.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɓangarori da dama. Masu shirya sansanonin matasa, da hukumomin alhazai, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na 'yan acaɓa, ya kamata su sa bayanin abin rufe kai da wuya a cikin bitar da suke yi wa mutanensu, su kuma tanadi inuwa da ruwa a lokutan da rana ta fi zafi. Makarantu su bar yara zabiya su sa hula mai faɗin baki ko da ba ta cikin kayan makaranta. Masaƙa da marina da masu saƙar kaba suna da kasuwa a buɗe idan suka fitar da rawani marar nauyi mai rinin da ba ya zuba da malafa mai ƙarko, kuma gwamnatocin jihohi na iya tallafa musu ta hanyar sayen kayansu ga ma'aikatan shara da na hanya da masu gadin daji. Shi kuwa mai saye, kafin ya miƙa kuɗi, ya tambayi kansa inda za shi, da lokacin shekarar da zai yi tafiyar, da abin hawan da zai hau, sannan ya ɗaga yadin ya duba saƙarsa, ya shaƙi iska ta cikinsa, ya tambayi irin zarensa, domin amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna masa abin da ya dace ya saya.